Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Sunana Jharna. A harshenmu, idon ruwa ke nan.
Uwata ta zaɓe shi a shekarar da aka kafa famfo
bayan ɗakinmu, gindin ayaba,
shekarar da ƙauyenmu ya rage binne jarirai saboda zawo.
Ta sha, ta dafa shinkafa, ta yi alwala,
shekara ashirin tana sa wa masu haƙa albarka.

Sai tafin hannunta ya fara tsiro,
baƙaƙen ƙuraje masu tauri kamar tsakuwa.
Maƙwabta suka ce kuturta ce,
suka ware mata kofi.

Ina Dhaka a lokacin, ina koyon tafiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa,
taku kaɗan a shekara, kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.
Kwalbar farko da na auna da hannuna
daga famfonmu na ɗebo ta.
Na maimaita sau uku. Na wanke na'ura. Na zargi idona.
Arsenik.
Ba launi, ba wari, ba ɗaci.
Ashe akwai tsamin da harshe ba ya ji.

Ni na shafa wa bakin famfon jan fenti.
Uwata na zaune a tabarma tana kallo,
ta ce, "To ki yi a hankali, kar ki ɓata rigarki."

Daga nan shekara talatin da ɗaya:
akwatin ƙanƙara, kwalabe masu lamba,
littafin da damina ta jiƙa har ya kumbura,
da Mofiz mai kwalekwale, wanda ya fi taswira sanin kogin Meghna,
ya kuma rantse har ya mutu
cewa magani nake haɗawa a ɓoye.

Na bi magudanar majema da asuba,
inda kogi ke fitowa da launin da ba na Allah ba,
yau shuɗi, gobe ja, gwargwadon yayin riga a wata ƙasa.
Wani manaja ya ba ni shayi da biskit,
ya ture takarduna da bayan cokali,
ya ce, "Malama, ba ruwanmu."
Na ɗora kwalba a teburinsa, na ce,
"Da ruwanku. Ga shi nan. Bismilla."
Bai sha ba.
Rahoton ya kwana shekara huɗu a durowa.

Akwai abin da lissafi bai koya mini ba.
A wani ƙauye na iske mace tana bugun jan famfo,
goyo a kwankwaso, tulun ƙarfe a ƙasa.
Na buɗe baki da lambobina.
Ta ce, "Na sani, 'yar'uwa. Koren yana gidan mai kuɗi,
ya sa masa kwaɗo.
Wannan yana kisa a shekara goma,
ƙishi kuwa kwana uku."
Na rufe littafin. Na taya ta ɗaukar tulun.
Wata bakwai na yi ina zarya a ofisoshi
kafin a haƙa mai zurfi a bakin makaranta.
Wannan rijiyar ba ta cikin jerin takardun da na wallafa.

Jiya suka yi mini liyafar ajiye aiki,
furanni, agogon bango, jawabi mai tsawo.
Shiuli, ɗalibata ta ƙarshe, ta makara,
ta shigo da laka har idon sawu,
ta raɗa mini cewa lamba ta tamanin da shida ta haura iyaka.

Na ce, "Kin maimaita?"
Ta ce, "Sau uku."

Na ajiye furannin a kujera.
Takalmin robana yana nan bayan ƙofa,
bai gama bushewa ba.